Yadda Ake Canza Tayar Babur da Hannu

A cikin leɓen kowace tayar babur, wato zagayen da ke kama bakin rim, akwai wayoyin ƙarfe da aka naɗe aka lulluɓe da roba, kuma waɗannan wayoyi ba sa miƙewa ko da ƙato ne ya ja su. Da gangan aka yi zagayen leɓen ya gaza na bakin rim, domin kada taya ta fice ana cikin tafiya. Abin da ke sa a iya cire ta ko a mayar da ita da hannu shi ne kwarin da ya zagaye tsakiyar rim. Idan leɓe ya faɗa cikin wannan kwari ta gefe ɗaya, sai ya sami sararin da zai haye baki ta ɗaya gefen, kamar yadda maɓallin riga ke ratsa kafarsa idan an karkata shi. Wani mutumin Ingila mai suna Charles Kingston Welch ne ya yi rajistar wannan tsari a 1890, shekara biyu bayan John Boyd Dunlop ya fito da tayar keke mai iska, kuma har yau a kansa ake ƙera yawancin rim na keke da babur da mota. Wanda ya riƙe wannan ƙa'ida zai canza taya ba tare da wahala mai yawa ba, wanda kuwa ya manta da ita zai yi ta kokawa da ƙarfe har ya huda sabon tub ko ya lotsa bakin rim.

Bayanin da ke tafe ya fi shafar ƙananan baburan da suka cika hanyoyinmu, masu inji daga cc 100 zuwa 150, irin su Bajaj Boxer da TVS da Jincheng da Haojue, waɗanda yawancinsu wili mai sifok gare su da taya mai tub. Masu tubles suna da 'yan bambance-bambance, kuma za a zo kansu a gaba.

Kayan aiki

Na farko shi ne liba, ƙarfen da ake ɓamɓare taya da shi, kuma uku sun fi biyu, domin a ƙarshen aiki ana bukatar ɗaya ta tsare wurin da aka riga aka ci yayin da sauran biyun ke ci gaba. Liba mai tsawon santimita 20 zuwa 25 ta wadatar ga ƙaramin babur. Doguwa tana da daɗin aiki, amma tana ɓoye wa hannu yawan ƙarfin da yake sawa, har mutum ya tsinke wayar leɓe bai sani ba. Bakinta ya kasance mai faɗi da santsi da ɗan lanƙwasa, in kuma yana da kaifi a goge shi da sanfefa kafin a fara. Wadda maƙeri ya ƙera daga tsohon sifirin na mota tana aiki sosai matuƙar an daidaita bakinta. Sukundireba kuwa ba ta da wuri a wannan aiki, domin bakinta siriri ne mai kusurwa, kuma ita ce ta fi kowane abu cizon tub da karce rim.

Sai sifanu. Notin aksil, wato dogon ƙarfen da ke ratsa tsakiyar wili, yakan kasance lamba 17 ko 19 ko 22 a waɗannan babura, ƙananan notocin birki da na cen kuma 10 da 12 da 14. Sifana mai zobe ta fi mai buɗaɗɗen baki, saboda ba ta cinye kusurwar noti. A haɗa da filaya, da ɗan makullin da ake kwance allurar cikin bawul da shi, da famfo, da gejin auna iska, da alli, da hoda, da ɗan giris, da tsumma mai tsabta, da katako biyu ko tsohuwar taya da za a kwantar da wili a kai. Idan rim na alminiyam ne, a yanko 'yan faifan roba daga tsohon galan, a riƙa sa su tsakanin liba da bakin rim.

Abu na ƙarshe, wanda aka fi rainawa, shi ne ruwan sabulu. Busasshiyar roba tana kama ƙarfe, jiƙaƙƙiya kuwa tana zamewa, kuma rabin wahalar sa taya daga bushewa take zuwa. Sabulun wanka da aka kaɗa a ɗan ruwa ya isa. Kada a yi amfani da man inji ko giris ko kananzir, domin irin waɗannan mayuka suna lalata roba, sannan ba sa bushewa, sai taya ta riƙa zamewa a kan rim duk lokacin da aka taka birki har ta fizge bawul daga jikin tub. Shi ma ruwan sabulun a shafa shi a leɓe kawai, kada a kwarara shi cikin taya, domin ruwan da ya kwanta a kwarin rim na ƙarfe tsatsa yake haifarwa.

Karanta jikin taya kafin a biya kuɗi

Rubutun da ke gefen taya yana faɗin duk abin da mai saye ke bukata. Idan an ga 3.00-17, lambar farko faɗin taya ce da inci, ta biyu kuma girman rim ɗin da za ta hau, wato awon da ya ratsa tsakiyar zagayensa, shi ma da inci. Idan an ga 100/90-17, faɗinta milimita 100 ne, tsayin gefenta kuma kashi 90 cikin ɗari na wannan faɗi. Boxer BM100, alal misali, tana ɗaukar 2.75-17 a gaba da 3.00-17 a baya. Lambar rim ba ta karɓar sassauci: taya mai 17 ba za ta hau rim mai 18 ba, mai 18 kuma ba za ta zauna a kan mai 17 ba. Akwai masu son sa taya mai faɗi fiye da ƙima don babur ya yi kyan gani, amma ƙuntataccen rim yana matse irin wannan taya ya canza mata siffa, wani lokaci kuma takan riƙa gogar murfin cen. Bayan girma akan ga lamba da harafi, kamar 50P, inda 50 ke nufin tayar na ɗaukar kilo 190, P kuma gudun kilomita 150 a awa. Ɗan acaɓa da mai ɗaukar buhuna daga kasuwar ƙauye su fi lura da lambar nauyi, su kuma nemi mai alamar 6PR ko 8PR a baya, domin jikinta ya fi ƙwari.

Akwai kuma lambobi huɗu da ke cikin wani ɗan zagaye mai tsawo, waɗanda ke nuna lokacin da aka ƙera tayar. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, saboda haka 2322 na nufin mako na 23 na shekarar 2022. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba, musamman idan ta daɗe a rataye a ƙofar shago rana tana dukanta, kuma tayar da ta shekara biyar a ajiye ba sabuwa ba ce ko da tana cikin ledarta. A sayi sabon tub tare da sabuwar taya, mai girman da ya dace da ita. Tsohon tub ya riga ya miƙe ya ɗauki siffar tsohuwar taya, idan aka cusa shi cikin sabuwa sai ya ninke, kuma a wurin ninkin yake tsagewa. Kafin a fara kwance komai, a shanya sabuwar tayar a rana na kamar rabin awa. Roba mai ɗumi tana da laushi, kuma a safiyar hunturu bambancin da wannan ke kawowa ba kaɗan ba ne.

Cire wili daga babur

A nemi wuri mai ƙasa mai ƙwari wadda ta daidaita, in kuwa yashi ne a sa faffaɗan katako a ƙarƙashin sitan. A sassauta notin aksil tun wili yana ƙasa, bayan an zare fin ɗin da ke kulle shi idan akwai, sa'an nan a ɗora babur a kan sitan na tsakiya. Ga wilin baya mai birkin diram, a kwance notin da ke ƙarshen sandar birki a zare sandar, a kwance ƙarfen da ke hana farantin birki juyawa, a sassauta notocin daidaita cen na dama da hagu, a tura wili gaba har cen ya saki a sauke shi daga haƙoransa. A wasu babura faifan haƙoran cen yana da nasa notin da ke riƙe shi a jikin babur, don haka wili yana fita ya bar cen a inda yake, kuma wannan sauƙi ne babba. Idan aksil ya ƙi fita, a ɗora katako a kansa a buga, kada a sa guduma kai tsaye, domin tana murƙushe zaren noti.

Tsakanin wili da ƙarfen babur akwai gajerun bututun ƙarfe da ke tsayar da wili a tsakiya, kuma na dama da na hagu ba tsawonsu ɗaya ba. A jera su a kan tsumma yadda suka fito, ko a ɗauki hotonsu da waya kafin a zare aksil, domin musanya su yana sa wili ya karkace ko boris ya matse. A yi alama da alli a jikin rim da ke nuna inda wili ke juyawa. Ga wilin gaba, a cire wayar birki da ta mitar gudu, a kuma ɗora nauyi a kujerar baya don gaba ya ɗaga. Idan birkin faifai ne, kada kowa ya matsa hannun birki bayan wili ya fita, domin takalman birkin za su haɗe su hana faifai komawa.

A kwantar da wilin a kan katako biyu ko tsohuwar taya, yadda cibiyarsa da faifan birki ba za su taɓa ƙasa ba. Yashi kaɗan a cikin boris yana kashe shi, faifan da aka danne da gwiwa kuma yakan lanƙwashe.

Fitar da tsohuwar taya

Kafin komai a yi alama da alli a gefen taya daidai bawul, domin za ta yi amfani wajen gano abin da ya huda tub. A kwance allurar bawul gaba ɗaya iska ta fice duka, a cire ɗan notin da ke gindin bawul, a tura bawul ɗin ciki kaɗan. Daga nan sai a raba leɓe da bakin rim. A ƙaramin babur dunduniya ta isa: a taka gefen taya dab da rim, a bi zagayen duka, a juya wili a yi wa ɗaya gefen haka. Idan tsatsa ta manne shi, a zuba ruwan sabulu a tsagin a ba shi 'yan mintoci, in ya ƙi a matse tayar da matsin kafinta, ko a ɗora sitan na gefe na wani babur a kan gefen tayar a karkato nauyinsa a hankali. Kada a fara da liba sai leɓuɓɓan biyu sun saki ko'ina.

Wurin da ake fara sa liba yana da dalili. Gindin bawul ya cike kwarin rim a inda yake, saboda haka leɓe ba zai iya faɗawa kwari a nan ba, sai a gefen da ke fuskantarsa. Don haka mai aiki ya durƙusa ya danne gefen da ke nesa da bawul da gwiwoyinsa biyu har leɓe ya nutse cikin kwari, sa'an nan ya sa liba ta farko kamar santimita 5 daga bawul. A shigar da bakinta gwargwadon yadda zai kama leɓe kawai, domin duk abin da ya wuce haka tub zai tarar. A kwantar da ita leɓe ya haye, a maƙale ta a sifok ko a danne ta, a sa ta biyu santimita 5 zuwa 8 daga ta farko, a ci gaba da ɗan wannan taku. Mai gaggawa yakan so ya ɗebo da yawa a lokaci guda, kuma a nan ne liba ke yin tauri. Duk lokacin da aka ji ta yi tauri, ba ƙarin ƙarfi ake bukata ba, leɓen da ke ƙarƙashin gwiwa ne ya hau daga kwari, sai a sake danna shi. Da zarar kashi ɗaya cikin uku ya fito, sauran yakan biyo hannu.

A zaro tub daga gefen da ke nesa da bawul, a bar bawul ya zama na ƙarshe. Sai a tsayar da wili, a sa liba ta bayan leɓe na biyu a tura shi ya haye bakin rim ta wannan gefen da na farko ya fita, a danna tayar ƙasa da gwiwa ko tafin hannu har rim ya zare. Idan faci kawai za a yi, babu bukatar fitar da leɓe na biyu.

Abin da tsohon tub ke faɗa

Ba a jefar da tsohon tub sai an duba inda ya huje, domin idan ba a kawar da sanadin ba sabon ma haka zai yi. A ba shi iska a nutsa shi a bokitin ruwa a ga inda kumfa ke fita. Idan hujin yana bayan tub, gefen da ke kallon hanya, ƙusa ce ko waya ko ƙaya, kuma a hanyoyin karkara ƙayar aduwa da ta bagaruwa sukan karye a cikin roba su bar tsini da ido ba ya gani. A ɗora tub ɗin a kan taya, bawul daidai alamar alli, a nemi wurin. A fara shafa cikin taya da tsumma, wanda zai maƙale a tsinin, kafin a sa yatsu. Idan hujin yana cikin tub, gefen da ke kallon rim, kan sifok ne ya fito ko robar da ke rufe kawunan sifok ta tsage. Idan 'yan tsagu biyu ne a jere, tub ɗin ya matsu tsakanin rim da bakin rami saboda ƙarancin iska, ko kuma liba ce ta cije shi. Idan gindin bawul ne ya yage, tayar ta zame a kan rim, kuma wannan ba ya facuwa.

Ƙaramin huji yana karɓar faci: a kankare wurin da sanfefa fiye da faɗin facin, a shafa sholisho siriri, a bari ya sha iska har ya daina ƙyalli, a manna facin a murza shi daga tsakiya zuwa gefe. Mafi yawan facin da ke tashi, gaggawar mannawa kan ɗanyen sholisho ce ta jawo. A ganina tub mai faci ya fi dacewa da wilin baya ko ajiya don ɓacin rana, domin sacewar tayar gaba ana cikin gudu ita ce ke kayar da mutum.

Shi ma rim a duba shi. A kankare tsatsa da burushin waya, a goge duk kan sifok da ya fito da fayil, a canza robar da ke rufe su idan ta bushe. In babu sabuwa, zoben da aka yanko daga tsohon tub yana maye gurbinta, a huda masa kafar bawul.

Sa sabuwar taya

A fara da neman kibiyar da ke gefen taya, a daidaita ta da alamar allin da aka yi a rim. Wasu tayoyi kibiya biyu gare su, ɗaya don gaba ɗaya don baya, sai a bi wadda ta dace da wilin da ke hannu. Wannan dubawa ta daƙiƙa kaɗan ce, amma wanda ya tsallake ta yakan gane kuskurensa ne bayan ya gama ɗaure komai. Idan akwai ɗigon fenti rawaya a gefen tayar, nan ne wurin da ya fi sauƙin nauyi, kuma ana sa shi daidai bawul.

A shafa ruwan sabulu a leɓe na farko, a cusa gefe ɗaya na rim cikin taya har leɓen ya zauna a kwari, a danna sauran da hannu. Yawanci ɗan abin da zai rage ne kawai ke bukatar liba. Sai a barbaɗa wa tub hoda a shafe shi, domin ya riƙa zamewa ya daidaita kansa a ciki, a ba shi iska kaɗan gwargwadon yadda zai yi zagaye ba tare da ya yi tauri ba. Wannan 'yar iska tana da muhimmanci ƙwarai, domin tub da ya kwanta shamɓar yakan shiga ƙarƙashin leɓe ko bakin liba, mai ɗan kumburi kuwa yana gudu daga gare su. A ɗaga gefen taya a fara shigar da bawul cikin kafarsa, a ɗaura masa notinsa zare biyu ko uku don kada ya koma, sa'an nan a cusa sauran tub ɗin a bi shi da yatsu a tabbata bai murɗe ba.

Leɓe na biyu shi ne inda aikin yake. A shafe shi da ruwan sabulu, a fara daga gefen da ke nesa da bawul, a danna shi cikin kwari da hannu, a ɗora gwiwa a kai, a riƙa bi dama da hagu ana matsowa wajen bawul. Fiye da rabi yakan shiga ba tare da ƙarfe ba. Daga nan a ɗauki liba, a riƙa ɗiban santimita 5 a kowane taku, gwiwoyi suna biye suna tsare abin da ya shiga. Dokar liba a nan ita ce kada ta wuce tsaye: da zarar ta miƙe sama leɓe ya haye baki, a zare ta, domin idan aka ci gaba da kwantar da ita zuwa kan taya, bakinta yana dannawa cikin kwari inda tub yake kwance. Kafin kowane taku a taɓa da yatsa a ji cewa ƙarfe na kan ƙarfe, babu roba mai laushi a tsakani.

Idan saura kamar tsawon tafin hannu, leɓen zai miƙe ya yi tauri, kuma a nan ne mafi yawan masu koyo ke ɓata aikinsu. A dakata. A koma gefen da aka fara, a bi zagayen ana matse tayar da hannu ana tura leɓuɓɓan biyu cikin tsakiyar kwari, na ƙasan ma yakan hau kafaɗar rim ya cinye sararin. Ɗan guntun katako da aka cusa tsakanin bakin rim da gefen taya yana tsare leɓe a kwari idan gwiwa ta gaji. A ƙara ruwan sabulu idan na farko ya bushe, wanda a zafin bazara ba ya ɗaukar lokaci. A tura bawul ciki domin kaurin gindinsa ya hau sama da leɓe, sa'an nan a ɗebi ragowar da ƙananan taku biyu ko uku. Idan an yi daidai, na ƙarshen yakan faɗa da ɗan ƙara ba tare da an yi nishi ba. Bayan haka a bi gefuna biyu ana leƙa tsakanin leɓe da rim, a tabbata babu inda tub ya leƙo, a kuma ga bawul yana tsaye sak. In ya karkata, a juya tayar a kan rim kaɗan har ya miƙe.

Iska

A ba taya iska har ta ɗauki siffa, a kwance allurar bawul a sace ta duka, a buga wilin a ƙasa sau biyu ko uku ana juya shi, sa'an nan a mayar da allurar bawul a sake ba ta. Wannan yana warware duk wani ninki da ya rage a tub. Kusa da leɓe akwai siririn layi da aka zana a jikin taya, kuma tazararsa da bakin rim dole ta zama ɗaya a zagayen duka, ta gefuna biyu. Inda layin ya nutse leɓe bai hau ba, kuma babur zai riƙa tsalle a kan kwalta. Maganinsa a sace iska, a shafa sabulu a wurin, a sake hurawa. Kada a wuce 40 a geji, a ma'aunin psi, don tilasta wa leɓe hawa.

Iskar tafiya ta gaza haka. A yawancin waɗannan babura kusan 25 ne a gaba, baya kuma 28 ga mutum ɗaya zuwa 32 idan da goyo, amma a bi abin da ke rubuce a littafin babur ko a takardar da aka manna kusa da cen. Matsa taya da babban yatsa ba awo ba ne, kuma iskar da ta yi yawa tana rage kamun hanya tana suɗe tsakiyar taya. Ana auna iska ne taya tana da sanyi. A ɗiga ruwan sabulu a bakin bawul a ga ko zai yi kumfa, a rufe shi da murfinsa saboda ƙura. Shi kuwa notin gindin bawul, kada a ɗaure shi tam a jikin rim. A bar shi sako-sako ko a mayar da shi sama ya tokare murfi, domin idan taya ta fara zamewa bawul ya karkata a gani tun bai yage ba.

Idan tubles ce

Ƙa'idar kwari ba ta canzawa, kuma babu tub da za a ji tsoron cizo, amma leɓen tubles ya fi tauri, rim ɗinta kuma yana da ɗan tudu a kafaɗa da ke riƙe leɓe, don haka raba su yakan bukaci matsi. Bakin rim a nan shi ne ke tsare iska, karce ɗaya mai zurfi yana iya sa ta riƙa sacewa kullum, saboda haka faifan roba a ƙarƙashin liba wajibi ne. A canza bawul na roba duk lokacin da aka canza taya. Wahalar tana wajen hurawa ta farko, domin famfon hannu ba kasafai yake tura iska da saurin da zai manna leɓe ba. A cire allurar bawul don iska ta shiga da yawa, a ɗaure tsakiyar taya da igiya mai ƙarfi a matse har leɓuɓɓa su buɗe su taɓa rim, a sassauta igiyar da zarar iska ta kama, a kuma janye yatsu daga bakin rim, domin leɓe yana hawa da ƙarfi. In ya ƙi, a kai wa mai faci ya hura da injinsa. Dabarar zuba fetur a cikin taya a kunna wuta tana ƙone fuska tana kuma lalata taya, kada a gwada ta. Tubles ba ta riƙe iska a kan rim mai sifok na gama-gari sai an sa mata tub.

Mayar da wili

A goge aksil a shafa masa giris siriri, a share ƙurar cikin diram da jiƙaƙƙen tsumma maimakon a hura ta da baki, a kula kada maiƙo ya taɓa takalman birki. A duba robobin da ke cikin cibiyar wilin baya suna nan a mazauninsu, a mayar da bututun ƙarfe kowanne a gefensa, a ɗora cen, a zura aksil a ɗaura noti da hannu tukuna. A daidaita cen ta notocin dama da hagu, ana lura da zanen awo da ke jikin ƙarfen babur domin gefuna biyu su tsaya a zane ɗaya. A tsakiyar tsawonsa cen ya riƙa motsi sama da ƙasa kamar milimita 20 zuwa 30, kuma a juya wili a auna a wurin da ya fi tauri. A mayar da ƙarfen da ke riƙe farantin birki da fin ɗinsa, wanda mantawa da shi yana da hatsari ƙwarai, domin farantin zai juya da wili a birkin farko. A mayar da sandar birki, a taka birki a riƙe yayin da ake ɗaure notin aksil don takalma su zauna a tsakiya, a ɗaure shi sosai, a sa sabon fin. A wilin gaba a tabbata haƙoran mitar gudu sun shiga gurbinsu kafin a ɗaure, in kuma birkin faifai ne a matsa hannun birki sau da yawa har ya yi tauri kafin babur ya motsa.

A juya wili da hannu a saurara ko wani abu na guga, a gwada birki biyun a tsaye, sa'an nan a yi ɗan zagaye a hankali a unguwa. Sabuwar taya tana da santsi a fuskarta, don haka a kilomita 150 na farko a guji kwanciya sosai a kwana da taka birki da ƙarfi, musamman a kan jiƙaƙƙiyar kwalta. Washegari da safe a sake auna iska kafin a hau, domin ɗan cizon liba yakan ɗauki dare guda kafin ya nuna kansa, a kuma sake gwada notin aksil da sifana.